Naushi ne ya kayar da shi, ko gwiwarsa ce ta ci amanarsa?

Filin Tambaya da Amsa kan Damben Zamani

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo yawancinsu kan batu ɗaya suke: ɗan dambe ya faɗi, wasu sun ce naushi ne, wasu sun ce rauni ne kawai ya same shi. Mun zaɓi shida daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da yayana mun daɗe muna musu kan karawar Vitali Klitschko da Odlanier Solis ta 2011. Yaya ya ce naushin nan ko ƙuda ba zai kashe ba, gwiwar Solis ce kawai ta goce ya faɗi. Ni na ce naushi ne. Mun sake kallon bidiyon, amma har yau kowa yana kan bakansa. Don Allah ku raba mana gardama. Daga A. M.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam A. M. Bari mu fara da abin da babu jayayya a kansa. An yi wasan ranar 19 ga Maris 2011 a birnin Cologne na Jamus, kan kambun hukumar dambe ta duniya WBC na ajin masu nauyi. Solis ɗan Kyuba ne, shi ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2004, wato ba kanwar lasa ba ne. Ana gab da kaɗa ƙararrawar turmin farko Klitschko ya sakar masa gajeren naushi da hannun dama a gefen kai. Solis ya yi baya yana tangaɗi, ya faɗi, ya miƙe da ƙyar, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, alƙalin wasa ya tsayar. 'Yan kallo suka yi ta ihun rashin yarda. Da aka ɗauki hoto a asibiti, sai aka ga jijiyar da ke riƙe gwiwarsa ta dama daga ciki ta tsinke, guringuntsi ma ya taɓu.

A ganinmu ka fi yayanka kusa da gaskiya, ko da yake shi ma ya ga wani abu. Naushi ne ya kai Solis ƙasa, gwiwa ce ta hana shi ci gaba. Kuma gwiwar ba haka kawai ta lalace ba.

Ga yadda abin yake. Jijiyoyin gwiwa ba su kaɗai ke riƙe ta ba. Naman cinya na gaba da na baya suna ɗaurewa suna sakewa a kowane taku, bisa saƙon da ƙwaƙwalwa ke aiko musu ba tare da mutum ya sani ba. Idan naushi ya sauka tsakanin ido da kunne, ko a bayan kunne kaɗan, yana rikita sashen cikin kunne da ke daidaita tsayuwar mutum, saƙon ya yanke na ɗan abin da bai kai sakan ɗaya ba. A wannan ɗan lokaci naman cinya ya saki, takalmi kuma ya kama shimfiɗar dandamali bai zame ba, jiki mai nauyin fiye da kilo 100 ya murɗa a kan ƙafa ɗaya. Gwiwa ta lanƙwashe ta ciki, jijiya ta ɗauki nauyin da ba nata ba ne, ta tsinke. Shi ya sa naushin gefen kai ke yawan jawo irin wannan musu: ba ya fasa fuska, ba ya jefa kai baya yadda kowa zai gani, mutum yana iya kasancewa ido biyu amma ƙafafunsa sun daina jin maganarsa.

In za ku sake kallo, kada ku tsaya kan ƙarfin naushin, domin ido ba ya iya auna shi ta talabijin. Ku rage gudun bidiyon, ku bi shi hoto bayan hoto, ku nemi abin da ya fara faruwa. Ku fara da kai: ya juya ko ya girgiza lokacin da safar hannu ta iso? Feshin gumi ba hujja ba ne, naushin da ya sauka a kafaɗa ma yana tayar da shi. Daga nan ku dubi ƙafafu, nan ne gaskiyar take. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ƙafafunsa biyu ne ke saki ko su sandare, ya yi wani taku da bai yi niyya ba. Wanda gwiwa ko agara ta fara cin amanarsa, ƙafa ɗaya ce ke karyewa ƙarƙashinsa, ɗayar tana ta ƙoƙarin ceto shi, ya yi ɗingishi ko tsalle kafin ya kai ƙasa. Sai hannuwa. Mai hankalinsa a jiki yana kai hannu ya dafa ƙasa ko ya cafke inda ke ciwo tun kafin ya gama faɗuwa. Wanda ya suma ba ya kare kansa, hannuwansa su zube, ko ɗaya ya miƙe sama a sandare, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Fuska ma tana magana: zafin rauni yana sa a yamutsa fuska a cije baki nan take, wanda kuwa kansa ya bugu fuskarsa babu komai a cikinta, idanu a buɗe amma ba sa kallon kowa.

A wasan Solis, tangaɗin ya zo ne bayan naushi kuma kafin faɗuwa. Wannan jerin ne ya sa muka ba ka gaskiya.

Wani abu game da bidiyo da ya kamata ku sani. Yawancin abin da ake yaɗawa a intanet hotuna 25 ko 30 ne a sakan ɗaya. Hannun ƙwararren ɗan dambe yana gudun wajen mita 9 a sakan. A bidiyo mai hotuna 25, tsakanin hoto da hoto hannun ya yi tafiyar kusan santimita 36. Gajeren naushi na santimita 20 yana iya fita ya sauka ba tare da kamara ta kama lokacin saukarsa ba. In kuma kamarar tana bayan mai naushin, kafaɗarsa ta rufe komai. Kada ku yanke hukunci da kusurwa ɗaya.

TAMBAYA: In har likita ya tabbatar rauni ne ya hana mutum ci gaba, me ya sa ake rubuta masa an doke shi? Wannan ba zalunci ba ne? Daga S. U.

AMSA: Malam S. U., dokar ba ta tambayar ko naushi ne ko rauni. Abin da take tambaya shi ne: an yi keta ko ba a yi ba? In rauni ya samo asali daga halastaccen naushi, wanda ya kasa ci gaba ya faɗi wasa, a rubuta TKO, wato alƙali ko likita ko masu horarwa ne suka tsayar. In kuma jikinsa ne ya gaza da kansa, kafaɗa ta goce yana kai naushi, ko hannu ya karye, ko agara ta tsinke, nan ma a mafi yawan hukumomi shi ya faɗi wasan. Ana rubuta KO ne idan alƙali ya ƙirga goma mutum bai miƙe ba, ko ya ga a sume yake ya fasa ƙirgar.

Shi kansa Vitali Klitschko ya ɗanɗana wannan. A watan Afrilun 2000 a birnin Balin na Jamus yana gaban Chris Byrd da maki a katin dukkan alƙalai uku masu ba da maki, sai kafaɗarsa ta yage daga ciki, ya ƙi fitowa bayan turmi na 9, kambunsa na hukumar dambe ta WBO ya tafi. A watan Maris na 2017 a Landan agarar David Haye ta tsinke a turmi na 6 yana karawa da Tony Bellew. Ya ci gaba yana jan ƙafa har turmi na 11, inda mutanensa suka jefa tawul, alamar sun sallama. An rubuta Bellew ya yi nasara, kuma daidai ne.

Mu muna goyon bayan wannan doka. In aka ce duk wanda ya ji ciwo a soke wasa, to duk wanda ya ga alamar zai sha kaye sai ya dafe kafaɗa. Shirya jiki ya jure turmi 12 na minti uku-uku yana cikin abin da ake gasa a kai.

Inda lamarin ke sauyawa shi ne idan abokin karawa ya jawo raunin ta hanyar da ba dambe ba. A watan Oktoban 2011 a Los Angeles, Chad Dawson ya ɗaga Bernard Hopkins da kafaɗa ya yar a turmi na 2, Hopkins ya faɗi a kan kafaɗarsa ya kasa ci gaba. Alƙali ya ce babu keta, ya ba Dawson. Daga baya hukumar wasanni ta jihar Kalifoniya ta sake duba lamarin ta soke sakamakon, aka mayar da shi wasan da babu hukunci, WBC kuma ta bar wa Hopkins kambunsa.

TAMBAYA: Na ga an tsayar da wani wasa saboda tsagewar gira an ba abokin karawa nasara, wani wasan kuma an tsayar saboda irin wannan tsagewa amma aka koma ga maki. Son kai ne ko akwai ƙa'ida? Daga H. B.

AMSA: Akwai ƙa'ida, kuma duk ta rataya ne a kan abin da alƙalin wasa ya gani a lokacin da fatar ta tsage. In naushi ne, mai raunin ya faɗi wasan ko da shi ke gaba da maki. In gware aka yi da kai ba da gangan ba, dokokin bai-ɗaya da ake bi a manyan wasannin Amurka sun ce a duba turmi: idan ba a kammala turmi 4 ba, babu hukunci, idan an kammala, a tattara katunan alƙalai, wanda ke gaba ya ci. In da gangan aka yi gwaren kuma raunin ya tsayar da wasa nan take, a kori mai laifin. In wasan ya ci gaba, a cire masa maki biyu. Saboda haka ne za ka ga alƙali yana buga dunƙulen hannu a tafinsa ko yana nuna goshinsa ga masu ba da maki da zarar jini ya fito: yana sanar da su ne tun da wuri ko naushi ne ko kai.

Misalin da aka fi tunawa shi ne Lennox Lewis da Vitali Klitschko, 21 ga Yunin 2003 a Los Angeles. Naushin Lewis ya tsaga saman idon Klitschko na hagu, likita ya tsayar bayan turmi na 6, alhali duk alƙalai uku sun ba Klitschko maki 58, Lewis 56. Da an ce gware ne, da Klitschko ya tafi da kambu a daren.

Likita ba yawan jini yake dubawa ba, wurin tsagewar yake dubawa. Goshi yana zubar da jini sosai amma sau da yawa ba shi da haɗari. Tsagewar da ta taɓa fatar ido, ko ta yi zurfi har ta kusa naman da ke ɗaga fatar, ko ta zo kusa da kusurwar ido ta wajen hanci inda hanyar hawaye take, ita ce ke sa a tsayar. Haka in jini yana shiga ido mutum ba ya ganin naushin da ke zuwa. Mai kula da rauni a kusurwa minti ɗaya kawai yake da shi, a aikace ma bai kai ba: ya goge, ya danna auduga mai ruwan maganin adirenalin, wanda ke rage zubar jini, a cikin tsagewar, ya matse gefe da gefe, ya shafe da basilin. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan ɗaga audugar don a leƙa, wanda ke ɓalle jinin da ya fara daskarewa.

TAMBAYA: Ni fa ban yarda da waɗanda ake bugu a ciki su ja da baya lafiya lau, sai bayan sakan biyu su durƙusa ba. Ai in naushi ne nan take zai faɗi. Kamar Ryan Garcia a wasansa da Gervonta Davis. Ba tsoro ba ne kawai? Daga I. G.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan jinkirin da ya sa ka zargi shi ne ma babbar alamar bugun hanta. Hanta tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙasa, shi ya sa hannun hagu ne ke samunta. Idan naushi ya matse ta, jijiyoyin da ke lulluɓe da ita suna tayar da wani martani da mutum ba shi da iko a kansa: bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jini su buɗe, ƙarfin jini ya faɗi, numfashi ya sarƙe. Wannan yana ɗaukar sakan ɗaya zuwa uku kafin ya kankama. Mutum yana jin ƙirgar alƙali sarai, ya san inda yake, yana so ya tashi, ƙafafu sun ƙi. Abin da ya faru da Garcia ke nan a turmi na 7 a watan Afrilun 2023, kuma shi ne ya faru da Oscar De La Hoya a turmi na 9 a hannun Bernard Hopkins a 2004, har yana dukan ƙasa da hannu don takaici. De La Hoya kuwa ba wanda zai kira shi matsoraci. Sau da yawa bayan minti ɗaya ko biyu mutum ya warware ya miƙe yana magana, sai 'yan kallo su ce ai ga shi lafiyarsa ƙalau. Sakan goma ne doka ta ba shi.

Irin wannan zargi aka yi wa Daniel Dubois a watan Nuwamban 2020, da ya durƙusa a turmi na 10 bayan Joe Joyce ya yi ta caccakar idonsa na hagu da naushin gaba. Aka yi ta cewa ya gudu. Asibiti ya nuna ƙashin kwarmin idonsa ya karye. Kell Brook ma haka: kwarmin idon dama a hannun Gennady Golovkin a 2016, na hagu a hannun Errol Spence a 2017. Ƙashin da ke ƙarƙashin ƙwayar ido siriri ne ƙwarai, in ya fashe mutum yana ganin abu biyu-biyu, kumatu da leɓen sama su yi sanyi kamar ba nasa ba, wani lokaci naman da ke juya ido ya maƙale a tsagar. A nan babu ma wurin musu tsakanin naushi da rauni, naushi ne ya yi raunin. Mu ba ma kiran wanda ya durƙusa don ya tsira da idonsa rago, kuma muna roƙon masu karatu su daina.

TAMBAYA: Shin da gaske naushi ya taɓa Sonny Liston a karawarsa ta biyu da Muhammad Ali? Daga Y. D.

AMSA: Ya taɓa shi. Wasan 25 ga Mayun 1965 ne a Lewiston ta jihar Maine. In aka rage gudun fim ɗin ana ganin hannun daman Ali ya sauka a gefen fuskar Liston daidai lokacin da yake kutsowa gaba, kansa ya girgiza. Naushin da mutum bai gani ba, kuma ya taho ya tarye shi da nauyinsa, ya fi wanda ya shirya wa illa nesa ba kusa ba, domin wuya bai ɗaure ba. Abin da ya rura wutar musun shi ne rikicin ƙirga: Ali ya ƙi komawa kusurwa, alƙalin wasa Jersey Joe Walcott bai yi ƙirga yadda ya kamata ba, Liston ya miƙe har an ci gaba da dambe kafin a ce wasa ya ƙare. Faɗuwar ta naushi ce. Daɗewar da ya yi a ƙasa ita ce mutane ke musu a kai har yau.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 17 yana koyon dambe. Ana gwaji da abokinsa ya faɗi, mai horar da su ya ce santsi ne da targaɗe a idon sawu, ya ɗaure masa ƙafa ya ce ya dawo jibi. Amma da ya dawo gida yana ta maimaita tambaya ɗaya, ya ce kansa na ciwo. Me zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, ki kai shi asibiti yau, kada ki jira jibi. Maimaita tambaya ɗaya alama ce ta girgizar ƙwaƙwalwa, kuma targaɗe ba ya kawo ta. Mai yiwuwa ne targaɗen gaskiya ne, amma kamar yadda muka bayyana a amsar farko, sau da yawa bugun kai ne ke sa ƙafa ta saki har ta murɗe. Ciwon ƙafa yana da zafi kuma ana ganinsa, sai hankalin kowa ya koma can a manta da kai. Ba sai mutum ya suma ba ne ƙwaƙwalwarsa ke girgiza. Mafi yawan masu wannan matsala ba su suma ba.

Ki gaya wa likita a fili cewa an buge shi a kai, da lokacin da abin ya faru, da ko ya tuna faɗuwar. A kwana biyun farko kada a bar shi shi kaɗai, kada ya tuƙa mota ko babur, ya rage kallon waya. In za a ba shi maganin ciwon kai kafin likita ya gan shi, farasitamol kawai; a guji asfirin da ibufurofen domin suna iya ƙara zubar jini. In kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne: ciwon kai da ke ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, barci mai nauyi da ake shan wuyar tayar da shi, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, magana ta karye, hannu ko ƙafa ta yi rauni, jijjiga, ko ruwa ko jini daga kunne ko hanci. Jini yana iya taruwa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, mutum ya yi sa'o'i yana hira kafin ya faɗi. Wannan shi ne abin da ya fi kashe 'yan dambe.

Batun komawa kuma, ko ƙwararru ba a barinsu su dawo jibi. Hukumomi da yawa a Amurka suna dakatar da ɗan dambe aƙalla kwana 30 bayan TKO, kwana 60 bayan KO, kuma a damben masu koyo ma kwana 30 ne mafi ƙaranci bayan bugun kai ya tsayar da wasa. Haɗarin shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke, wanda ya fi yi wa matasa illa. Hanyar dawowa mataki-mataki ce: hutun kwana ɗaya zuwa biyu, sai tafiya da motsa jiki marar nauyi, sai gudu da tsallen igiya, sai dukan buhu da tafin mai horarwa ba tare da kowa ya taɓa kansa ba. Kowane mataki aƙalla sa'a 24, in ciwon kai ko jiri ya dawo a koma na baya. Gwaji da abokin karawa shi ne na ƙarshe, bayan wa'adin ya cika kuma likita ya sa hannu a rubuce. Ki kai wa mai horarwar takardar da kanki, ki kuma tambaye shi wa ke tsayawa a kan yara lokacin gwaji, da nauyin safar da suke sawa; ta gwaji bai kamata nauyinta ya gaza oza 14 zuwa 16 ba.